Sharhi: Kada Cefane Ya Cinye Jari

A duk lokacin da aka tara ƙananan 'yan kasuwa a ƙasar nan aka tambaye su abin da ya hana sana'arsu bunƙasa, amsar da suke bayarwa ɗaya ce, wato rashin jari. Gwamnatoci ma sun daɗe da amincewa da wannan amsa, shi ya sa maganin da suke kawowa bai taɓa sauyawa ba. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa bankin People's Bank domin bai wa talakawa rance ba tare da jingina ba, a 1990 aka fara buɗe bankunan al'umma, a 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin bankunan ba da ƙaramin rance, sannan a 2018 aka zo da shirin TraderMoni mai bai wa ɗan tireda Naira 10,000. Duk da wannan ɗawainiya ta shekaru fiye da 30, yawancin masu tebur suna nan da teburinsu, kuma binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2017 ya nuna cewa daga cikin ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 da ke Nijeriya, fiye da kashi 99 cikin 100 'yan ƙanana ne ƙwarai.

Ba ma musun cewa jari yana da wuyar samu. Abin da muke so 'yan kasuwa da hukumomi su duba shi ne ɗaya ɓangaren maganar, wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba saboda ya shafi sirrin gida: jarin da ya riga ya shigo hannu, ina yake tafiya? A ganinmu, babban abin da ke hana ƙaramin ɗan kasuwa girma shi ne kasancewar kantinsa da gidansa suna ci daga aljihu ɗaya, kuma matuƙar ba a raba aljihun nan biyu ba, duk rancen da za a ƙara masa kamar zuba ruwa a rariya ne.

Katuzu da tattalin arzikinta

Unguwar Katuzu da ke garin Gashuwa, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Bade a jihar Yobe, wuri ne da ya dace a auna wannan magana a kansa, domin yankin ba matalaucin ƙasa ba ne. Gashuwa tana bakin kogin Yobe, kusa da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa, kuma fadamun da suka shimfiɗu daga Haɗeja zuwa Nguru suna ba da shinkafa da kifi da kayan lambu da ciyawar dabbobi. A tudu ana noman gero da wake da riɗi, ana kuma tsintar ƙaro. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, gyaɗa da fatu da ƙaro da shanun wannan yanki suka sami hanyar zuwa kudu da ƙasashen waje, 'yan kasuwa daga ko'ina suka zo suka zauna tare da Badawa da Mangawa da Fulani. A zamanin nan kuma, Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013 sun kawo ɗalibai da ma'aikata masu bukatar ɗakin haya da abinci da sufuri.

To amma arzikin da ya dogara ga ruwa ba shi da tabbas. Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. Wata shekara ruwan ya yi ƙaranci, wata shekara kuma ya zo da ɓarna, kamar yadda aka gani a 2022, lokacin da ambaliya ta rushe gidaje ta shanye gonaki a Gashuwa da kewayenta. Kuɗi suna shigowa garin ne da kaka da lokacin kamun kifi, su yi ƙasa da bazara da tsakiyar damina. Shi kuwa cefane bai san kaka ba, bai san bazara ba. Kullum safiya sai an ɗora tukunya.

Wannan shi ne halin da mai kantin kayan masarufi da tela da mai sayar da bandar kifi da matar da ke turara shinkafa a cikin gida suke sana'a a cikinsa. Samu yana hawa yana sauka, hidima kuwa tana nan daram, abin da ke cike giɓin da ke tsakaninsu shi ne jari.

Lissafin da ba a yi

Bari mu buga misali da alƙaluma, ba don sun kasance na wani mutum ba, sai don hanyar lissafin ta fito fili. A ɗauka mai kanti yana da jarin Naira 500,000, yana juya shi sau biyu a wata, yana samun ribar kashi 8 cikin 100 a kowane juyi. Ribarsa a wata ta kama Naira 80,000. Idan kullum yana zarar Naira 3,000 daga aljihun tebur domin cefane da kuɗin tara na yara da sauran 'yan bukatu, a wata ya ɗauki Naira 90,000. Giɓin Naira 10,000 ba zai gan shi da ido ba, domin kanti yana nan a buɗe, masu saye suna zuwa, kuɗi suna shiga hannu. Amma a shekara ya ci Naira 120,000 daga uwar kuɗi, tun kafin a zo ga ragon suna ko kayan Sallah.

Sai kuma hauhawar farashi ta shigo. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin darajar Naira a watan Yunin shekarar, tsadar kaya ta yi ta hawa har Hukumar Ƙididdiga ta ba da alƙalumin kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024. A shekara irin wannan, kayan da aka cika kanti da su da Naira 500,000 ba za su sake sayuwa ba sai da kusan Naira 650,000 ko fiye. Mutumin namu kuwa Naira 380,000 suka rage masa, wato bai iya sayen kashi 60 cikin 100 na kayan da ya fara da su. Yana ganin kuɗi da yawa a hannunsa fiye da bara, sai ya zaci ciniki ya buɗe, alhali kantar kayansa ce ke ta yin fili. Saurin hauhawar ya ragu daga baya, amma raguwarsa ba ta maido wa kowa jarin da ya riga ya narke ba. Ta wannan hanya ake wayar gari ba uwa ba riba, mutum ya ɗora laifin a kan sammu ko baƙin jini.

Akwai wata ɓaraka kuma, wato bashi. Maƙwabci ya ɗauki kwanon shinkafa sai ƙarshen wata, ɗan'uwa ya ɗauki sabulu ba a ma ambaci biya ba, kuma kunya ta hana a rubuta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da ba a rubuta ba rabinsa kyauta ce. Dalilin matsin ba ɓoyayye ba ne: ƙididdigar kashe kuɗin gidaje ta 2019 ta nuna cewa kusan kashi 57 cikin 100 na abin da magidantan Nijeriya suke kashewa a kan abinci yake tafiya. Gidan da abinci ya cinye fiye da rabin samunsa ba shi da wurin juyawa idan wata larura ta taso, sai kantin da ya fi kusa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Wannan matsala ba ta Katuzu kaɗai ba ce, kuma masana tattalin arziki sun gwada ta a ƙasashe masu tasowa da dama. A Sri Lanka, daga 2005, wasu masu bincike sun bai wa ƙananan 'yan kasuwa kyautar jari na kimanin Dala 100 zuwa 200, suka bi sawunsu. Sun tarar cewa a hannun maza jarin yana kawo ribar kusan kashi 5 cikin 100 ko fiye a kowane wata, abin da ya zarce kuɗin ruwan bankuna nesa ba kusa ba, amma a sana'o'in mata ba a ga ƙarin riba ba. Da aka sake nazarin alƙaluman Sri Lanka da Indiya da Ghana daga baya, sai aka gano cewa matsalar ba rashin iya sana'a ba ce. A gidajen da miji ma yake da sana'a, kuɗin matar sukan koma cikin tasa sana'ar, a inda kuwa matar ce kaɗai mai sana'a a gidan, ribarta takan ƙaru sosai.

A Ghana an yi gwajin da ya fi wannan bayyana abin da muke faɗa. An raba wa ƙananan 'yan kasuwa a Accra da Tema tallafin Sidi 150, wasu a ba su tsabar kuɗi, wasu kuma a raka su kasuwa a saya musu kayan sana'a na daidai wannan kuɗi. A wajen mata, waɗanda aka saya wa kaya ribarsu ta ƙaru, musamman masu sana'ar da ta riga ta kafu, waɗanda aka bai wa tsaba kuwa kuɗin suka bi hidimar gida. Adadin ɗaya ne, bambancin kawai shi ne buhun kaya ya fi takardar kuɗi wuyar zarewa a yi cefane.

A Jamhuriyar Dominikan kuma, an raba waɗanda aka horar daga cikin masu karɓar rance a wani ƙaramin banki gida biyu. An koya wa kashi ɗaya ilimin akanta irin na makaranta, aka koya wa ɗayan 'yan ƙa'idoji masu sauƙi: ka ajiye kuɗin sana'a a aljihun tebur ɗaya, na gida a wani, ka yanka wa kanka albashi, idan ka ara daga na sana'a ka rubuta ka mayar cikin mako. Waɗanda aka koya wa ƙa'idoji masu sauƙin su ne suka fi gyara lissafinsu, kuma amfanin ya fi fitowa a wajen masu ƙarancin ilimin boko. Darasin a nan shi ne, ba sai mutum ya yi digiri ba kafin ya tsare jarinsa.

Mu ma ba baƙin wannan ilimi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Zakkar dukiyar ciniki kuma, wadda take kashi 2.5 cikin 100, ba ta fituwa daidai sai ɗan kasuwa ya ƙiyasta kayansa da tsabarsa da bashin da yake sa ran karɓa sau ɗaya a shekara, wanda bai san iyakar jarinsa ba kuwa ba zai san abin da ya wajaba a kansa ba. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya shahara da tsantseni wajen kashe wa kansa kuɗi, kuma lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, da raƙuma 20 aka kai masa tsabar azurfarsa ajiya. Irin wannan dukiya ba ta taruwa a hannun wanda ke cin uwa da riba tare.

Zumunci da hidima

Wani zai ce wannan magana ta masu ƙoshi ce, domin wanda ke neman abin da zai ci yau ba shi da abin rabawa gida biyu. Akwai gaskiya a ciki. Matar da jarinta bai wuce na kwanon gyaɗa biyu ba, kuma da shi take ciyar da marayu, ba wa'azin tattali take bukata ba, taimako take bukata. Amma tsakanin wannan mata da babban dillalin hatsi akwai dubban masu sana'a waɗanda ribarsu za ta iya ɗaukar gida har a sami ragowa, in da an san adadinta. Da su muke magana. Ko shi mai ƙaramin ƙarfin, rubutu zai nuna masa da wuri cewa sana'ar ba ta ɗaukar gidan, ya nemi abin haɗawa tun jari bai ƙare ba.

Wani kuma zai ce ana so a raba mutane da zumunci. Ko kusa. A wurin da babu inshora, dangi su ne inshora, kuma wanda ya rufe ƙofarsa ga ɗan'uwa yau zai tarar da ƙofofi a rufe ranar da ruwa ya ci gidansa. Abin da muke cewa shi ne, alheri ya fito daga rabon mai kanti, kada ya fito daga jarin kanti. Wanda ya ware wani abu sananne a kowane wata domin dangi zai daɗe yana bayarwa, wanda kuwa ya bar aljihun tebur a buɗe zai yi shekara biyu ana yabonsa, a ta uku shi ma ya shiga layin masu nema. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda ya kamata a faɗi gaskiya ba tare da kara ba shi ne hidimar biki. Lefe da kayan ɗaki da gara da anko sun zama gasa, har magidanci yakan sayar da amfanin gonarsa da kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa, ko ya kwashe rabin kantinsa, domin kada a ce ya gaza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da addini ya sa a matsayin sharaɗin aure. Kujerun da aka jera wa amarya ba sa haihuwa, amma keken ɗinki ko injin markaɗe da aka saya mata da rabin kuɗinsu zai ciyar da ita shekaru. Daidai ruwa daidai tsaki. Haka nan magidanta su ji tsoron Allah game da jarin matansu: ciyarwa a kan miji take, dukiyar mace tata ce, kuma “ara mini na cefane” da ba a mayarwa ya karya sana'o'in cikin gida masu yawa.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Mai sana'a ya rufe kanti yini ɗaya ya lissafa kayansa da farashin da zai sake sayensu yau, ya haɗa da tsaba da bashin da ke waje, ya cire wanda ake binsa. Ya rubuta adadin, da boko ko da ajami, ya maimaita a farkon kowane wata. Zai fi kyau ya riƙa auna jarinsa da buhu da katan maimakon Naira, domin buhu ba ya ruɗin ido kamar yadda takardar kuɗi ke yi a lokacin tsada.

Na biyu, ya yanka wa kansa albashi wanda bai kai ribar wata ba, ya sanar da iyalinsa, ya tsaya a kansa. Abin da aka ɗauka daga kanti domin gida, ko ashana ce, a rubuta a cire daga albashin. Masu karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS su buɗe asusu biyu, kada kuɗin ciniki su riƙa faɗawa inda ake sayen katin waya da biyan kuɗin makaranta.

Na uku, adashe ya kasu biyu. Na hidima daban, a riƙa zubinsa domin Sallah da suna da komawar yara makaranta, tunda waɗannan ba ba-zata ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na jari kuma a shirya kwasarsa ta dace da kaka, kuma ranar da aka kwasa a mayar da shi kaya kafin ya kwana a gida. Idan masu turara shinkafa goma suka haɗa kwasarsu, za su iya mallakar injin casa maimakon su riƙa biyan kuɗin casa, kuma a irin wannan mataki ne ake tashi daga saye da sayarwa a koma sarrafawa, inda riba ta fi kauri. Kasuwar Katuzu kaɗai ba za ta ɗauki kantunan sukari da sabulu ɗari ba, amma Kano da Legas ba su taɓa ƙoshi da shinkafa mai tsabta da bandar kifi da riɗin da aka tace ba.

Haƙƙin hukuma

Duk tsantsenin ɗan kasuwa, akwai bugun da ya fi ƙarfin littafinsa. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da kewaye, kuma duk gidan da wannan ciwo ya shiga, zirga-zirgar asibiti zuwa Nguru ko Damaturu ko Kano takan cinye kanti da gona. Saboda haka inshorar lafiya ga masu sana'ar hannu batu ne na tattalin arziki kafin ya zama na jin ƙai. Ya kamata hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Yobe ta bi ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masunta da na teloli ta yi musu rajista a dunƙule, da zubi na mako-mako wanda ya dace da yadda kuɗi ke shigo musu. Haka nan gina jinga a bakin kogi da share kacalla daga hanyoyin ruwa da sanar da jama'a kafin a saki ruwan madatsun sama, duk kariya ce ga jarin talaka.

Gwamnatin jihar ta gina sababbin kasuwanni na zamani a Damaturu da Gashuwa da Nguru, wannan abin yabo ne, sai dai rumfa ba ta cika kanta da kaya. Idan za a raba tallafi, a yi koyi da abin da aka gani a Ghana, a bayar da kayan aiki da kayan sayarwa maimakon ambulan, a kuma haɗa da horon kwana biyu cikin Hausa a kan raba aljihu da rubuta bashi. Ɗaliban sashen tattalin arziki da na akanta a jami'ar Gashuwa za su iya wannan aiki a unguwanni. Ga masu ƙyamar kuɗin ruwa kuma, tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki a ƙasar nan, tsarin da banki zai sayi kaya ya sayar wa ɗan kasuwa da riba sananna ya dace da bukatar da muke magana a kai, domin kaya ne ke isa hannun mai sana'a. Muna kira ga irin waɗannan bankuna da su sauko da wannan tsari zuwa ga masu ƙaramin jari a garuruwan arewacin Yobe.

Daga ƙarshe, muna kira ga masarautar Bade da malaman masallatan Juma'a da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da su zauna su tsayar da iyaka ga kayan biki, su kuma fara aiwatar da ita a gidajensu, domin talaka ba zai iya rage lefe shi kaɗai ba matuƙar manya suna ƙarawa. Ranar da mai kanti a Katuzu zai iya faɗin adadin jarinsa da ribarsa da albashinsa ba tare da kame-kame ba, a ranar ce rance zai yi masa amfani, kuma a ranar ce banki zai sami hujjar ba shi.